Bene Hawa 30 a Kan Hantsinmu: Musayar Waƙa

Dattijon Layi:

Bismillahi, ga farkon baitina,
Takarda ce aka liƙa a gidana.
Wai bene hawa 30 za su kafa,
Daidai inda nake shan hantsina.
Sun zana hoto har da itatuwa,
Na duba kaf, babu ko maƙwabcina.
Sun ce mu tashi, in an gama mu dawo,
To wa zai ajiye mini shekaruna?

Ɗan Haya:

Baba, ka ba ni dama in tanka,
Ina ganin girman furfurarka.
Mu shida ke kwana a ɗaki guda,
Rufinmu na yoyo kamar naka.
Birni ya cika, fili ya ƙare,
In ba a hau sama ba, ina mafaka?

'Yar Unguwa:

Ƙanena, yoyon nan ba ƙarya ba ne,
Ni ma da bokiti nake tarewa.
Amma leƙa Landan, Elephant and Castle,
Ka ji yadda Heygate ta yi ƙarewa.
Gidajen hukuma sama da 1,200,
A 2011 aka soma rushewa.
Sababbi sun tashi fiye da 2,000,
Gilashi ko'ina sai ƙyallawa.
Na hayar talaka 82 kacal,
Lissafa da kanka wa ke dawowa.
Masu gidan kansu ma da yawa,
Diyyar ba ta kai su ga sake sayawa.
Sai can nesa da makarantar yara,
Nesa da wanda suka saba gaisawa.

Ɗan Haya:

Na ji, Yaya, jikina ya yi sanyi,
Sai dai "ba mu yarda ba" ba ta rufin ɗaki.
In mun kore su, damina na tafe,
Wa zai zo mana da kwano da katako da aiki?

Tsohon Magini:

(Ku yi haƙuri da baitina, hannuna ya fi sabawa da cokalin gini.)

Yaro, tambayarka ta yi kyau,
Amsarta na nan Landan, bakin kogin Thames.
Kai, wannan suna ya ƙi amsa-amo,
Bari in sake ɗauko zaren:

A Coin Street an so dogayen ofisoshi,
Mazauna suka zana nasu tsari.
Shekaru suna kai da kawowa,
A 1984 suka karɓi wuri.
Suka gina gidajen haɗin gwiwa,
Hayar da ba ta kai mutum ga garari.
A Sidni ta Ostareliya kuwa, unguwar The Rocks,
Leburori ne suka ja burki tun fari.
Suka ce ba mai ɗaga guduma,
Sai an ji ta bakin mutan gari.

Dattijon Layi:

Madalla, Magini, ka fito da nufina,
Ni ba gaba nake da siminti ba, ɗana.
A rubuta lambar ɗaki da kuɗin haya,
A sa hannu kafin in kwashe kayana.
Ranar taron jin ra'ayi ka zo,
Ka zauna nan kusa da sandana.

Ɗan Haya:

Zan zo, Baba, har da bokitin,
In ajiye shi gaban mai zanen.
In ce ya nuna min da yatsa,
Tagar da za ta zama tawa a benen.