Farasitamol ɗinmu na ɓalle kai, nauyi kuma yana yawo

Sabon Shiga: Assalamu alaikum manyanmu. Ƙwayar farasitamol mai miligiram 500 tana ɓalle kai tana fitowa daga injin buga ƙwaya, nauyin ma ba ya tsayawa. Rariya mai lamba nawa kuke ba da shawara bayan busar da tsakin maganin (ƙananan dunƙulen garin da ake matsewa su zama ƙwaya)?

Oga Dare: 16. Shi ke nan.

Baban Inji: Oga Dare, ba a yanke hukunci ba a ga tsakin ba. Ƙanena, ɗebi giram 100 ka jera rariyoyi 20, 40, 60 da 100 (lamba na ƙaruwa, ramukan na ƙanƙancewa), ka girgiza minti goma, ka auna abin da ya tsaya a kowacce. Idan garin da ya wuce ta ƙarshe ya haura kashi 20 cikin ɗari, ka samu ɓarawonka. Gari yana riƙe iska, sandar inji mai matse ƙwaya ta danna, iskar ta rasa hanyar fita, sai kan ƙwayar ya tashi. Farasitamol kuwa dama can ba ya son matsi, yana sake buɗewa da zarar sanda ta ɗaga. Kada kuma ka ce za ka tankaɗe garin duka ka zubar. Kashi 10 zuwa 15 shi ke cike ramukan da ke tsakanin manyan tsaki. Tsaki zalla yana shiga ramin bugu (inda sanda ke matse ƙwaya) da giɓi, wannan ya cika, wancan ya yi rabi. Ga wata fitinar: girgizar inji tana tura gari ƙasan mazurari, manya su taso sama, sai ƙwayoyin farkon haɗi su bambanta da na ƙarshe.

Hajiyar Gwaji: Danshi fa? A hunturun nan an bar tsaki a na'urar busarwa har ya sauka ƙasa da kashi 1, dole ya farfashe a rariya. Ku tsayar da shi wajen 2.

Oga Dare: Hajiya ku dai kullum laifin masu dare ne.

Hajiyar Gwaji: Ni ƙwaya 20 nake aunawa. Sama da miligiram 250 ce, iyakarta kashi 5 sama ko ƙasa. Biyu kawai aka yafe, su ma kada su ninka. Je ka yi wa hukumar kula da magunguna NAFDAC bayanin dare.

Na Sito: 😂 a yi haƙuri Hajiya. Wa ya san inda ake samun rariyar ƙarfe mai kyau? Tamu ta huje.

Baban Inji: To ga shi nan! Rariya hujajjiya tana sakin manyan dunƙule, ku kuna neman laifin inji.

Malamin Haɗi: Ƙara Povidone K30 (sinadarin da ke manne gari) kaɗan, tsakanin kashi 3 zuwa 5, tsakin zai yi ƙarfi. Amma kula, in ya yi girma da tauri narkewa za ta ja baya, kuma minti 15 ne iyakar watsewar ƙwaya marar rufi. Magnesium stearate (mai sa santsi don kada ƙwaya ta manne wa inji) kada ya wuce kashi 1, juyawa minti 3 zuwa 5. Ka wuce haka, ƙwaya ta yi laushi, ruwa ya ƙi shigarta.

Oga Dare: Ko ya rage gudun inji ya kunna matsin farko (ɗan matsin da ke fitar da iska kafin babban matsi), ya huta.

Malamin Haɗi: Wannan ɓoye ciwo ne, Oga. Gwajin zaizaya zai tona shi, a juya ƙwayoyi sau 100 asarar nauyinsu ta haura kashi 1.

Sabon Shiga: Na gode iyayena. To 16 ɗin zan saka ko 20?

Na Sito: Maganar rariyar nan fa, har yanzu ba wanda ya ba ni amsa.