Gano gefen abu a bidiyo kai tsaye: wa ya taɓa fama da jinkiri?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa ƙaramin mutum-mutumi mai bin layi a kan Raspberry Pi (wata 'yar ƙaramar kwamfuta), da Canny (dabarar gano gefen abu a hoto) na OpenCV (manhajar sarrafa hotuna). Kyamarar tana ba da hoto 30 a sakan, wato kamar milisakan 33 ke nan ga kowanne. Amma abin jan ƙafa yake yi, kafin ya ga kwana ya riga ya wuce ta.

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Girman hoton nawa? Da na fara, 1920×1080 nake turawa, ɗigo sama da miliyan 2, ina ta zagin Canny a banza. Na sauko zuwa 640×480, ɗigo 307,200, na mayar da shi launin toka, na yanke rabin sama tunda layin a ƙasa yake. Nan take ya farka.

Ɗaliba: Ni kuwa, Malam, lissafina bai da laifi. Ashe hotuna ne ke taruwa a ma'ajiyar kyamara, ina sarrafa tsoho alhali sabo na jira. Kwana biyu ina nema! Sai na ware karanta kyamara a zare nasa daban (wato ɓangaren manhaja mai gudana shi kaɗai), ina ɗaukar na ƙarshe kawai, sauran su zube.

Mai duba kaya a masana'anta: Haske ne ya wahalar da ni. Da rana gefuna tsaf, da yamma hoton ya cika da ƙura, Canny ya yi ta zana gefen da babu. Na ɗauka Canny na OpenCV yana dusashe hoton da kansa, ashe sai ka sa Gaussian, matatar da ke dusashe hoto, tukuna. Mai girman ɗigo 5×5 ta ishe ni. Iyakokin Canny biyu ma, waɗanda yake tantance gefe da su, na daina kafe su, ina ciro su daga matsakaicin hasken kowane hoto, ta sama ta ninka ta ƙasa sau 2 zuwa 3, kamar yadda John Canny ya ba da shawara tun 1986. Sannan na kulle hasken kyamarar, don da ta gyara kanta gefuna sai su yi ta ƙiftawa.

Tsohon hannu: Kada a ruɗe ka da GPU, wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto da sauri. A ƙaramin hoto, kai shi da dawo da shi ya cinye min ribar. Kuma baƙin layi a farin fili, Sobel 3×3 ma, wata dabarar gano gefe mafi sauƙi, ya wadatar.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Rage girma da zubar da tsofaffin hotuna sun gyara shi. Saura inuwar tayarsa, har yanzu yana ɗaukarta layi.