Tambaya: Ganuwar Karkason tsohon gini ce, ko aikin ƙarni na 19?

Ɗalibar Naraguta:
Assalamu alaikum. Ina karatun zanen gine-gine a nan Jos, kuma an ba mu aiki a kan ganuwar birnin Karkason da ke kudancin Faransa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ake kiranta tsohon gini alhali an yi mata gagarumin gyara a ƙarni na 19. Don Allah malamai, wane ɓangare ne na asali?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ganuwar biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, tsawonsu ya kai kusan kilomita 3, da hasumiya 52. Wani sashe na ta ciki tun ƙarshen mulkin Rumawa yake, ana gane shi da ƙananan duwatsu da aka ratsa da layin jan bulo. Ta waje kuwa sarakunan Faransa ne suka gina ta a ƙarni na 13, bayan yaƙin 1209 da ya ƙwace birnin daga hannun gidan Trencavel, masu sarautar birnin a lokacin. Da yarjejeniyar 1659 ta matsar da iyakar Faransa da Sifen zuwa kudu, sai ganuwar ta rasa amfaninta na soja, talakawa suka gina gidaje a tsakanin katangun biyu, wasu kuma suka riƙa kwasar duwatsunta. Gyaran da kike nufi na wani Bafaranshe mai zanen gine-gine ne, Viollet-le-Duc, wanda ya fara aikin a 1853, ya kuma rasu a 1879 bai kammala ba.

Injiniya daga Rayfield:
Baba ya yi bayani, amma a ganina ya sassauta wa mutumin. Jikin katangar tsoho ne, babu musu, sai dai rufin nan mai tsini da yawancin kawunan hasumiyoyin aikinsa ne. Ya yi rufin da fallen baƙin dutse irin na arewacin Faransa, a yankin da aka fi sabawa da tayil na gasasshen yumɓu, shi ya sa daga baya aka sauya wa wasu hasumiyoyin rufi.

Tsohon Magini:
Haka ne, Injiniya, sai dai ba don gyaran ba da wuya a samu abin da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. 'Yata, ki leƙa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke nan Jos, ki dubi kwaikwayon ganuwar Kano, domin ki bambance kwaikwayo da gyaran gini a mazauninsa kafin ki fara rubutu.