Karatun littattafan tafiyar jirgin ƙasa: abin da aka shawarta a majalisa

Bayan isha'i a majalisarmu ta nan Madina, hira ta faɗa kan littattafan matafiyan da suka bi dogon layin dogo.

Wani dattijo ya ce kada a buɗe irinsu sai da taswira a gefe. Layin Hijaz ya taso daga Dimashƙa, ya ratso Ma'an da Tabuka, ya iso Madina a 1908, tafiyar kusan kilomita 1,300. In ba ka ga tazarar nan ba, ba za ka gane abin da ya sa marubuci ke ta maganar ruwa ba, ga shi injin jirgin ma ruwa yake sha.

Wani malami ya ce a duba wane ne marubucin, domin Baturen da ke taragon manya da alhajin da ke zaune kan buhun geronsa ba tafiya ɗaya suka yi ba. Wannan ta fi ratsa ni. Kakanninmu sun hau jirgin ƙasa a Sudan, daga El-Obeid zuwa Port Sudan, amma a baki labarinsu ya tsaya. Aka ce mu tambayi tsofaffinmu tun suna raye, mu rubuta.

Sai kuma a leƙa tsohuwar tashar layin Hijaz da ke unguwar Anbariyya a nan Madina, a ga taragon da ido.