Sabon ɗan wasa lebul 1 cikin 'yan lebul 5, ya zan yi?

ƊanƘofarMarusa:
Salam 'yan uwa. Ni ke jan wasan Dungeons & Dragons ɗinmu (wasan labari ne da ake yi da dayis, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya mai hawa lebul, wato matakin ƙarfi), bugu na biyar na 2014, duk Asabar bayan la'asar a zauren gidanmu. 'Yan wasa huɗu ne kuma duk sun kai lebul 5. To ƙanen abokina ya nace sai ya shigo, na ba shi boka lebul 1, jininshi (yawan dukan da zai iya sha kafin ya faɗi) 8 kacal. Faɗan farko na sako musu basamuden nan ogre, ya zabga wa yaro kulki, 2d8+4 (dayis biyu masu fuska takwas a ƙara 4), dayis ya ba da 13, shi ke nan ya faɗi sumamme tun bai jefa dayis ko sau ɗaya ba. Wallahi ya ban tausayi, ya koma bakin ƙofa yana ta danna waya har aka kira magariba. In na rage ƙarfin dodanni manyan su fara hamma, in na bari haka yaro ya sha ƙasa. Mi kuke yi a irin haka?

Bakatsiniya_20:
Wa alaikas salam. Malam ai laifinka ne, ka ba shi lebul 5 kawai a wuce wajen. Duba lissafin ma, wajen samun abokin gaba da sara bambancin ba yawa, lebul 1 ana ƙara mishi +2 a kan abin da dayis ya bayar, lebul 5 kuma +3, har lebul 20 ma +6 ne iyaka, da gangan suka matse shi haka a wannan bugun, ba kamar bugu na uku na 2000 ba da mayaƙi ke samun +1 duk lebul har ya kai +20. Inda gizo ke saƙar shi ne jini. Mayaƙi lebul 5 mai ƙarfin jiki +2 jininshi wajen 44 ne, yaronka 8, kulkin da wancan zai sha sau uku yana tsaye shi yaron sau ɗaya ya ishe shi. Ga shi kuma a lebul 5 ɗin ne komai ke tsalle, mayaƙi ya fara sara biyu a zagaye ɗaya, boka ya samu dunƙulen wutar nan mai 8d6 (dayis takwas masu fuska shida). Ina yaro zai sa kanshi.

TsohonHannu:
Haba ƙanwata, ban yarda ba. Wanda bai san ko wane dayis ne d20, mai fuska ashirin ɗin, ba ki jibga mishi takardar boka lebul 5 da tsafe-tsafe kala kala, ai rikicewa zai yi, kowane zagaye sai an jira shi minti biyar yana duba takarda. A bar shi ya taso, makin ƙwarewa zai kamo su da wuri. Lebul 2 maki 300 ne, na 3 kuwa 900, na 4 2,700, na 5 6,500. Ƙaton dodon nan troll guda ɗaya 1,800 yake bayarwa, raba biyar 360, kin ga faɗa ɗaya ya haye lebul 2 alhali manyan ko motsi ba su yi ba. Sai dai fa ya rayu, wannan kam gaskiyarki ce.

Bakatsiniya_20:
Yaya troll da ke kai hari uku a zagaye ɗaya? Ko gawarshi za a raba wa makin lol

JikanKusugu:
Mu nan Daura abin ya same mu bara, labarinmu ma a kan macijin rijiya muka gina shi. Lebul 3 na ba sabon, kuma mayaƙi mai baka ba boka ba, ya tsaya baya yana harbi. Sannan na daina sako dodo ɗaya ƙato, sai in haɗa babba da ƙananan dodanni goblin huɗu ko biyar masu jini 7, manyan su ji da babban shi kuma ya riƙa tsintar ƙananan, ranar da ya kashe biyu a jere har tashi ya yi yana ihu sai da maƙwabta suka leƙo. Lissafin maki kuma na watsar, in an gama wani sashe na labari kowa ya hau, shi ina ba shi lebul ɗaya duk zama har ya kamo su. Zama biyu ya ɗauka.

ƊanƘofarMarusa:
Na gode sosai. Zan gwada na JikanKusugu Asabar ɗin nan in Allah ya kai mu. Matsalar dai yaron ya ce shi boka yake so ko ba komai, tunda ya ga yadda wutar nan ta cinye goblin shida lokaci ɗaya. Boka lebul 3 jininshi nawa ne in ƙarfin jiki +2 ne, 20 ko?