Ɗana zai bar aikin akanta don ya zama kocin ƙwallon jami'a, ku ba ni shawara

Maman Abba, Columbus:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana na fari ya gama digiri a fannin akanta, kuma duk zamansa a jami'a yana buga wa makarantarsu ƙwallon Amurka. Wani kamfani ya ba shi aiki da albashi mai kyau, sai ga shi ya ce shi koci yake so ya zama. Wai wata jami'a za ta ɗauke shi ɗalibi mai taimaka wa koci, abin da suke kira GA, su biya masa kuɗin karatun digiri na biyu da ɗan abin kashewa. Babansa ya ce sam. Ni kuma ba na so in kashe masa gwiwa. Don Allah wanda ya san harkar nan ya faɗa mini gaskiya: hanyar tana ɓullewa?

Kawu, Houston:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tana ɓullewa, amma doguwa ce. Nick Saban, kocin da ya ci kofin ƙasa na jami'o'i sau 7, da wannan GA ɗin ya fara a jami'ar Kent State a 1973. Bai zama babban koci ba sai 1990 a Toledo, shekara 17 kenan. A tsakani ya zauna Syracuse, West Virginia, Ohio State, Navy da Michigan State, kuma a Ohio State ɗin nan ta garinku sallamarsa aka yi tare da abokan aikinsa. Matakan a jere suke: GA, sai kocin sashe ɗaya kamar masu tsaron baya, sai shugaban ɓangaren hari ko na tsaro, sannan babban koci. Manyan jami'o'in da ke sahun farko ba su wuce 130 da 'yan kai ba, kowace da kujera ɗaya. Ki faɗa masa ya ƙidaya da kyau.

Anti, Maryland:
Ni ba albashin ne damuwata ba, Maman Abba, iyali ne. Duk ranar da aka kori babban koci, yawanci mataimakansa ma sai su tattara. Kun ji Texas A&M ta ɗauki nauyin biyan babban kocinta Jimbo Fisher sama da dala miliyan 70 da ta sallame shi a 2023, amma ƙaramin mataimaki ba ya ganin irin wannan, motar kaya kawai zai nema a watan Disamba, yara na tsakiyar zangon karatu. Wace yarinya ce za ta yarda da ƙaura duk bayan shekara biyu? Gara ya san wannan tun kafin a fara maganar aure.

Ƙaninku mai horar da 'yan sakandare, Atlanta:
Mama, ina gaisuwa. Abin da Anti ta faɗa gaskiya ne, kuma aikin GA ba ado a cikinsa. Zai kwana gaban kwamfuta yana yanka bidiyon abokan karawa, wasa ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta inda kowa ya tsaya da abin da suka yi a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta matsa gaba da ƙwallo. Da asuba ya zana katunan atisaye, ya ɗauko baƙi daga filin jirgi. Amma tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: a ƙarƙashin wa zai yi? A wannan sana'a mutum ne ke jan mutum. Kirby Smart ya yi shekaru a hannun Saban kafin jami'ar Georgia ta ba shi kujerar babban koci a ƙarshen 2015. Abba ya bincika: waɗanda suka yi GA wajen wannan kocin a baya, ina suke yanzu? In sun samu aiki, alama ce mai kyau. Ya kuma je taron ƙungiyar kociyoyi ta AFCA da ake yi duk Janairu, nan ake haɗuwa da masu ɗaukar aiki. Digirinsa ma ba asara ba ne. Tun 2021 'yan wasa ke karɓar kuɗi da sunansu, kuma suna sauya makaranta cikin sauƙi, don haka ana neman wanda ya iya lissafi.

Baban Yara, Chicago:
Ya yi maganar sallar Juma'a da azumi da kocin tun yanzu, baki da baki, kafin ya sa hannu. Juma'a ranar tafiya ce domin Asabar ake wasa. Ba abin da zai gagara ba ne: Robert Saleh, Musulmi ne, ya bar aikin banki ya fara daga ƙasa a Michigan State a 2002, har ya zama babban kocin ƙungiyar ƙwararru ta New York Jets a 2021.

Kawu, Houston:
Ƙari ɗaya, Hajiya, saboda Alhaji. Ku yanka masa wa'adi: shekara biyu na GA, da sharaɗin ya fito da digirin na biyu a hannu. In bai samu cikakken aikin koci ba, ko a ƙaramar makaranta ce, ya koma akanta. Kada ya raina ƙaramar makaranta kuwa. Curt Cignetti ya bar aikin mataimakin koci a babbar jami'ar Alabama ya karɓi ƙaramar jami'ar IUP a 2011 yana dab da shekara 50, daga nan ya hau har ya zama babban kocin jami'ar Indiana.

Maman Abba, Columbus:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nuna wa babansa maganar wa'adin yau da daddare. Ƙanina na Atlanta, zan ba Abba lambarka ya kira ka kafin ya ba su amsa ranar Litinin.