Ryzen 5 5600 ko Ryzen 7 5700X3D: wacce furosesa ce ta cancanci kuɗinta?

Assalamu alaikum. Kwamfutata tana sarƙewa duk lokacin da fagen wasan bidiyo ya cunkushe, firam (adadin hotuna a daƙiƙa ɗaya) ya faɗo daga 90 zuwa 40, alhali katin hoto bai kai rabin ƙarfinsa ba, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) kuwa ta cika maƙil. Na rage ingancin hoto, na ƙara RAM zuwa 16GB, amma ba ta sake zani ba.

A Computer Village da ke Ikeja an nuna mini waɗannan furosesa biyun, dukansu suna hawa madabod ɗina (babban allon kwamfuta) mai mazaunin furosesa na AM4, sai dai 5700X3D, mai ma'ajiyar L3 (ma'ajiyar wucin gadi mai sauri da ke cikin furosesa) ta 96MB, ta fi tsada nesa ba kusa ba. Da katin hoto na RTX 3060 a girman hoto na 1080p, shin bambancin zai fito har ya biya ƙarin kuɗin?